Wasiƙar Baba kan kwikwiyon da aka bar maka

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Jos lafiya lau, sai ɗari da ya sauka da wuri bana.

Mahaifiyarka ta nuna mini hoton kwikwiyon da Baturen wajen aikinku ya bar maka da zai koma gida. Ita cewa ta yi abin kamar wanda ya tsira daga fari, duk haƙarƙari a waje. Ni kuwa ina ɗora ido na gane shi. Irin karen da Turawa ke kira Wifet ne, irin karyarmu Guguwa da ta yi shekara 13 a gidanmu na Bukuru. Kana aji biyu ta mutu, ba lallai ka tuna ta ba, sai dai ko kwanciyarta cikin hantsi a bakin kicin. Abin da ta koya mini, wani da sauƙi wani da nadama, shi nake so in miƙa maka.

Da farko ka cire ran cewa ka samu mai gadi. Wannan kare bai cika haushi ba, ɓarawo zai iya shafa kansa ya wuce. Ma'aikatan haƙar kwal na arewacin Ingila, wajen Yokshaya da Lankasha, su suka yi kiwonsa a ƙarni na 19 don kamun zomo da tsere. Mai kare ya tsaya can ƙarshen fili yana kaɗa tsumma, a saki karnuka su sheƙo. Shi ya sa suke ce masa dokin sukuwar talaka. Yakan kai gudun kilomita 56 a awa. Da ido yake farauta, ba da hanci ba, kamar dogayen karnukan Buzaye da ake kira Azawak. Duk abin da ya gilma, kaza ko kyanwa ko leda da iska ta ɗauka, ya tafi, kuma kiranka ba zai shiga kunnensa ba sai ya gama. A titunan Abuja wannan kaɗai ya isa ya kashe shi. Kada ka kwance masa igiya sai a cikin katanga, kuma ka samo abin wuya mai faɗi, domin kansa siriri ne, na sauran karnuka zare kai yake yi ya fice.

Ka ce watansa uku. To duba katin allurarsa tun yau. Rigakafin kwikwiyo ana farawa ne daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Kafin a kammala, kada ka bar shi yana shinshina inda wasu karnuka ke kashi, saboda cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo. Kwana biyu take gamawa da kwikwiyo. Allurar ciwon haukan kare kuma lokacinta ya yi, daga wata uku ake yi, sannan a sabunta duk shekara. Wannan ba don shi kaɗai ba ne, don 'ya'yanka ne. Mu a zamaninmu Vom muke kai Guguwa, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi na nan tun 1924. Kai ka nemi likitan dabbobi guda ka riƙe, ya ba ka maganin tsutsar ciki da na kaska. Kaska ba ƙaiƙayi kawai take jawowa ba, zazzaɓi take sawa mai shanye jini. Idan ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, kada ka kwana.

Daga wata huɗu haƙoran nono 28 za su fara zuba, wajen wata bakwai na dindindin 42 su cika. A tsakanin nan ka ɓoye takalmanka da wayar caja.

Yanzu ga inda na yi kuskure. Guguwa na da wata shida na ga yadda take tashi kamar an harba kibiya, abin ya burge ni. Sai na riƙa hawa babur da yamma tana bina a guje a hanyar tsofaffin ramukan kuza, abokaina na tafi. Ban san ƙarshen ƙasusuwan kwikwiyo guringuntsi ne ba, wurin da ƙashi ke tsawo, kuma ba ya ƙarasa ƙwari sai ya haura shekara. Wata rana ta dawo tana ɗaga ƙafar gaba ta hagu. Ta warke a ido, amma ƙafar ta ɗan karkace, kuma da tsufa ya zo a nan ya fara kama ta. Duk hunturu sai na ga tana tashi da kyar, ta tsaya ta lasa gwiwar, sannan ta taka. Ni na ja mata. Saboda haka ka bar shi ya yi wasansa a tsakar gida, ya gudu ya tsaya yadda ya ga dama. Doguwar tafiya ta dole, bin keke, dirowa daga mota ko bene, duk ka jira sai ya cika shekara da 'yan watanni.

Maganar rama kuma, kada ka biye wa mahaifiyarka da maƙwabta. Haka halittarsa take, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Babba bai cika wuce santimita 51 a kafaɗa ba, nauyi tsakanin kilo 11 da 18. In kana hango haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe, lafiyarsa ƙalau. Yanzu a ba shi abinci sau uku, in ya girma sau biyu. Ban da miya mai albasa, ban da cakulan, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa.

Rashin kitse da gajeren gashi su ne rauninsa. Fatarsa kamar takarda, ƙaya ko waya ta taɓa sai ta yage. Kwalta da rana a watan Maris za ta ƙona masa tafin ƙafa, don haka fita sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Sanyi kuwa ya fi komai ba shi wuya. Na san za ka ce ba za ka sa kare a ɗaki ba, ni ma ban sa ba, kuma ban bar Guguwa ta kusanci wurin salla ba. Amma ban ɗaure ta a kan siminti a waje ba. Ɗan sito na share mata, na shimfiɗa tsohuwar katifa. In kuma wata rana za a yi masa aiki, ka tuna wa likita cewa irin waɗannan karnuka marasa kitse wasu magungunan sa barci na daɗewa ba su sake su ba.

Sukan yi shekara 12 zuwa 15, ka ga ke nan ɗanka na fari zai shiga sakandare kare na nan. Daga shekara takwas ko tara furfura za ta fito masa a baki, naman cinya ya fara zubewa, barci ya ƙaru. Haƙora ne ke fara lalacewa. Warin baki ba tsufa ba ne, ciwo ne, kuma in ka saba masa da goge haƙori tun yanzu ka huta. A rage masa farce kada su tanƙwara masa yatsu. Tayil ɗinku mai santsi ka shimfiɗa masa tabarma a inda yake bi. Ka saurari numfashinsa da dare. Tari bayan ya kwanta, ko haki daga 'yar tafiya, alama ce ta ƙofar zuciya da ta fara yoyo, kuma akwai maganin da ke sassauta abin in an gano da wuri. Daga nan ganin likita ya koma sau biyu a shekara. Kada ka daina fita da shi don ya tsufa, a dai gajarta. Guguwa a shekararta ta ƙarshe ido ya yi yana, kunne ya yi nauyi, sai na daina taɓa ta tana barci ba tare da na buga ƙafa a ƙasa ba, don in ta firgita takan kai cizo. Amma ko a lokacin, in ƙadangare ya gilma ta gabanta sai ta yunƙura, ta yi taku huɗu, ta dawo ta kwanta tana kallona.

Mahaifiyarka na gaishe ku. Duk da mitar da take yi, ta yanke hannun tsohuwar rigar sanyina ta ɗinke masa, za mu ba direba a tasha ranar Asabar. In za ku zo hutun Disamba da shi, ku sa masa ita tun daga Akwanga, kafin ku fara hawan dutse.

Mahaifinka.