Wasan poka: yadda ake farawa da inda sabon hannu ke zamewa

Malam Edita,

Samarin Kano sun saba da wot, amma poka, wadda da yawa suka fara gani a waya, lissafinta daban ne. Tun farko mu faɗi gaskiya: da zarar kuɗi ya shiga ta zama caca, addini ya haramta, Hisbah kuma ba ta ɗaga ƙafa. A raba wa kowa ƙwallon dabino 50 a yi ƙirga da su.

Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em. Karta 52 ce, alama huɗu, kowace 13, ba joka. Mutum biyun da ke hagun mai rabo, wato mai raba kartar, su zuba ƙwallo ɗaya da biyu, sannan a ba kowa karta biyu a kife. A tsakiya ake buɗe biyar: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Sau huɗu ake zubi, kuma in layi ya zo kanka, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye. In ba wanda ya zuba, kana iya wucewa. Daga bakwai ɗin nan, wato biyunka da biyar na tsakiya, kake tsamo biyar mafi ƙarfi.

Ga ƙarfin haɗin karta daga ƙasa zuwa sama: tagwaye (biyu masu lamba ɗaya), tagwaye biyu, uku masu lamba ɗaya, jerin biyar (lambobi biyar a jere), biyar masu alama ɗaya, uku da tagwaye, huɗu masu lamba ɗaya, sai jeri mai alama ɗaya. Nan ake yawan musu. Ja biyar ba komai ba ne in alamarsu ta bambanta. Kartar A tana zama sama da K ko ƙasa da 2, amma Q-K-A-2-3 ba jeri ba ne.

Babban ciwon sabon hannu shi ne ƙin ajiyewa. An ba shi 7 da 2, ya ce bari dai in ga abin da zai fito, ƙwallayensa na zurarewa. Wani kuma yana da huɗu masu alama ɗaya, saura karta ɗaya a buɗe. Tara ne kacal za su cece shi cikin 46 da bai gani ba, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. Idan tulin ƙwallayen da aka zuba 15 ne, ana neman ya zuba 5, asara ce. Sai tulin ya ninka zubinsa sau huɗu da ɗoriya ya cancanci bi.

Wurin zama ma yana da tasiri. Mai rabo ne ke magana a ƙarshe bayan an buɗe ukun farko, ya riga ya ga wanda ya ƙara da wanda ya yi sanyi, don haka karta mai matsakaicin ƙarfi a nan ake riƙe ta.

Masu sha'awar wasan karta,
Fagge, Kano