Umma, maganar haushin karen da kika ji

Bradford, Ingila

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin Baba, ya zafin Kano? Mu nan muna lafiya, yara suna ta gaishe ki.

Ranar Juma'a da muke waya kin ji haushin kare, kin tambaya, sai layi ya yanke. Gara ki ji daga bakina kafin wani ya kai miki da ƙari. Kwikwiyo muka ɗauko, baƙi wuluk mai farin ƙirji, yara sun sa masa suna Duna.

Kin san Abban yara aikin dare yake yi a asibiti. Da sanyin bana ɓarayi suka fasa mana ɗakin ajiya na bayan gida, suka kwashe kekunan yara, ina ciki ban ji komai ba. Tun daga nan barcina ya zama rabi da rabi, auta kuma ya daina yarda ya kwana shi kaɗai.

Ba saya muka yi ba. Akwai gidajen da ke tattara dabbobin da aka yasar, kuma abin ya daɗe a ƙasar nan, ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA ma tun 1824 take. A wani ƙaramin gida irin wannan muka same shi. An tsince su ne shi da 'yan uwansa cikin kwali a gefen hanya. Barbarar yanyawa ne, sun ce akwai jinin karen kiwon tumaki a jikinsa, sauran kuwa Allah masani. Da muka shiga, sauran suna ta tsalle, shi yana rakuɓe a lungu yana rawar jiki, haƙarƙarinsa duk a waje. Auta ya tsuguna ya miƙa hannu, ya daɗe a haka, sannan kwikwiyon ya taso a hankali ya ɗora haɓarsa a kan takalmin yaron. Wallahi Umma, sai da na ji ƙwalla.

Ba su ba mu shi nan take ba. Sai da wata mata ta zo gida ta duba shingenmu, ta tambayi awa nawa za a riƙa barinsa shi kaɗai. An yi masa allurai, an sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa. Doka ce tun 2016, wanda ya ƙi ana iya cin tararsa har fam 500. Ciwon haukan kare da kike tsoro kuwa, an kawar da shi a karnukan ƙasar nan tun 1922.

Na san abin da ya fi damunki addini ne, ni ma shi ya fara damuna. Mun tambayi malaminmu na masallaci. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma kwanon da ya sa wa baki a wanke sau bakwai, kuma malamai da yawa sun halatta ajiye shi don gadi. Ya ja mana kunne cewa tunda mun ɗauka, haƙƙinsa yana wuyanmu, ci da sha da magani. Wurinsa ɗan ɗakin injin wanki ne da ke ƙofar baya, kwanukansa daban. Ba ya shiga falo, ba ya hawa sama inda muke sallah, mun sa ƙyaure.

Yanzu ya yi ƙiba, motsi kaɗan a bakin shinge sai ya sanar da mu. Auta ne ke fita da shi bayan la'asar, ya kuma koma kwana a ɗakinsa.

Don Allah ki yi wa Baba bayani a hankali, ni ma zan kira shi ranar Lahadi. Kuɗin maganinsa na tura wa Yaya jiya. Idan Gwaggo za ta taho, a haɗo mana daddawa da kuka.

A sa mu a addu'a.

'Yarki