Ɗalibata tana sandarewa da zarar an raba takardar jarrabawa

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali?

Ina koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a Kano, ni ce kuma malamar ajin SS3. Wata ɗalibata ce ta sa na rubuto miki.

Tun daga SS1 yarinyar nan ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Amma ranar farko ta jarrabawar gwaji, ana miƙa mata takarda sai ta sandare. Tafin hannunta ya jiƙe da gumi, biro yana rawa, ta ce min gabanta ne ke dukan uku-uku, kanta kuma wayam kamar ba ta taɓa buɗe littafi ba. Bayan an tashi na yi mata tambayoyin nan da baki, ta amsa su tsaf.

Da na lallaɓa ta, sai ga zance. Barcinta bai wuce awa uku ba, da Nescafe take raba dare. Mahaifinta ya ce in makinta na JAMB bai kai na karatun likita ba, aure zai yi mata. Ga WAEC a watan Mayu, NECO na biye, ga neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kuma ta ji cewa a 2025 sama da ɗalibai miliyan 1.5 ne suka kasa kai maki 200 cikin 400 a JAMB. Kullum wannan lissafin take yi.

Na kira mahaifiyarta. Ta ce ai iska ce, an fara mata ruƙiyya da rubutun sha. Ban ƙi addu'a ba, Hajiya, ni ma ita nake mata. Amma da na ambaci ganin likita, sai ta haɗe rai ta ce, "Malama, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kike so mu kai ta?" Daga nan na ja bakina.

Na gwada koya wa ajin jan numfashi a hankali kafin a fara rubutu. Dariya suka yi ta yi, amma daga baya su huɗu suka same ni a ɓoye, kowacce da irin nata: mai ciwon ciki duk safiyar jarrabawa, mai kuka ba dalili.

Ta yaya zan bambance fargabar jarrabawa da kowa ke yi da damuwar da sai an je asibiti? Wane lafazi zan yi wa iyaye da ba za su ji kamar na ce 'yarsu ta taɓu ba? Shi kuma uban, in tunkare shi da kaina ko in bi ta hannun shugabar makaranta? Ina tsoron kada ya ce ta kai ƙararsa, ya cire ta tun kafin JAMB ɗin ta zo.

Taki,
Wata malama daga Kano