Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Matan Da Ake Duka A Gidajen Aure

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da imani.

Bayan gaisuwa da mubaya'a, mu talakawanka ne, ungozomomi, ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da iyaye daga Birni, Zango, Garin Malam, Sabon Gari da Kara-Kara. Kukanmu guda ne: ana gaggauta biko kafin a duba rauni, kuma a nan haƙƙin mace yake salwanta.

Ga yadda abin yake tafiya. Miji ya doki matarsa da dare, da safe ta yi yaji zuwa gidan iyaye. Uwa ta dafa ruwa ta gasa mata jiki, uba ya ce a rufa asiri. Kwana uku ko huɗu sai ga dattawa da goro, a zauna a zauren mai unguwa, a ce ta yi haƙuri, ta koma. Babu wanda ya rubuta komai. Kumburi yana sacewa cikin ƴan kwanaki, shatar bulala ko ta wayar wuta tana ɓacewa cikin mako biyu. Ranar da aka sake dukan, aka je gaban alƙali, sai ya tambayi shaida, ita kuwa ba ta da komai sai bakinta.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ba ɓoyayya ba ce. Ta je komisariya idan a birni take, ko wurin jandarmomi idan a ƙauye. Su ɗauki bayaninta, su ba ta takardar da za ta kai wa likita. Likita ya duba, ya rubuta irin raunin, wurinsa, girmansa, da adadin kwanakin da ba za ta iya aiki ba. Da wannan takarda mai gabatar da ƙara yake aiki. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta hana duka da jikkatawa da gangan, kuma ba ta ce ban da miji ba. Idan akwai fyaɗe, lokaci ya fi ƙurewa: maganin kariya daga ƙanjamau sai cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki bai wuce awa 120. Mai juna biyu da aka shura a ciki kuwa ko ba ta ga jini ba a kai ta a ranar, don mabiyiya tana iya rabuwa da mahaifa jinin yana taruwa daga ciki.

Inda abin yake ɓaci shi ne aljihu. Kuɗin kabu-kabu, kuɗin awo, kuɗin takardar likita, sau da yawa duk suna hannun wanda ya yi dukan. Wadda ta fito daga ƙauyukan Mirya, Takieta ko Magariya, idan ba ta da dangi a gari, ba ta da inda za ta kwana da goyonta. Gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ tun 2011 don marasa hali su samu bayanin doka da lauya kyauta, amma a tambayi mata a bakin famfo, ƙalilan ne suka taɓa jin sunanta.

Ranka ya daɗe, dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada, ta kuma ce a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ba mu zo mu rushe sulhu ba, aure da yawa da shi suka tsaya. Amma karaya, ƙuna, shaƙe wuya da barazanar wuƙa sun wuce zaure, na shari'a ne.

Don haka muke roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni da hakimai cewa duk macen da ta zo da rauni, likita ya fara gani kafin a zauna. A saurare ta ita kaɗai, tare da dattijuwa guda, ba gaban miji da ƴan'uwansa ba. Kowane sulhu a rubuta shi da kwanan wata, shaidu biyu da alkawarin da miji ya ɗauka, a ba ta kwafi a hannunta. Wanda ya karya alkawari, kada a sake zama, a tura maganar gaba.

Muna roƙo kuma Sarki ya kai kukanmu ga Gwamnan jihar Damagaram da hukumar birni: takardar likita ta zama kyauta ga wadda aka doka, a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, da Cibiyar Kula da Lafiyar Uwa da Yaro, da ƙananan asibitocin unguwanni. A ware gida mai tsaro, da mace mai kula da shi, da abinci, inda za ta zauna mako biyu ko wata guda har magana ta daidaita. Kowace komisariya ta samu ƴar sanda mace da ɗakin da za a rufe ƙofa.

Na ƙarshe na malamai ne. A mazhabar Malikiyya, macen da cutarwa ta tabbata a kanta alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Mata da yawa ba su sani ba, suna sayar da akuya da kayan ɗaki don biyan hul'i. Muna so limaman Juma'a su faɗi wannan a huɗuba, a maimaita a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci.

Sunayenmu da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda, kuma wakilanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da Sarki ya sa.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka na birnin Damagaram