Mamana, kafin ki fara aikin manhajar asibitin nan

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kin isa Abuja lafiya, ya gajiyar hanya, ya baƙunta. Ummanku ta ce kin samu ɗaki ba nisa da wurin aikin, toh alhamdulillah, Allah ya sa a fara a sa'a. Jiya da muka yi waya naso in miki wannan maganar amma ƙannenki sun cika falo da hayaniya, kuma kin sanni in na ɗauko zance a baki sai in ɓace a hanya, shi ya sa na zauna bayan asuba ina ta dannawa da yatsa ɗaya. In kinga kuskure ki yi wa idon tsoho uzuri.

Kin ce manhajar asibiti zasu ɗora ki a kai, ta yankan kati da rubuta magani da sakamakon gwaji. Wallahi da kika faɗa sai da gabana ya ɗan faɗi. Ƙoƙarinki kam na sani, amma gidan da zaki shiga ma na sanshi. Shekara 31 na yi ina ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, tun muna wanke fim a ɗaki mai duhu har hoto ya koma fitowa a sikirin. Ko layi ɗaya na kod, wato rubutun da kuke gina manhaja da shi, ban iya ba, amma na daɗe a ɗaya gefen, na wanda ake kawo wa na'ura a ce masa danna nan.

Akwai maganar da nake so ki tsana tun yau, wai "kwamfuta ba ta ƙarya". Kin tuna shekarar da fanshona ya tsaya wata biyar? Kina aji uku a jami'a, mun ɓoye miki ne kawai kar hankalinki ya tashi. An yi tantancewa, yaron da ya shigar da sunana ya rubuta Mu'azu daidai yadda yake a takarda, ashe manhajar tasu bata karɓar wannan ɗan waƙafin na sama, sai ta yanke sunan ya koma Mu, a banki kuma ina nan Mu'azu, shikenan suna bai dace ba, aka jefa ni cikin ma'aikatan bogi. Na je ofishin ya fi sau goma, kullum amsa ɗaya, "Baba kwamfuta ba ta ƙarya". Ni da ke tsaye gabansa da furfurata da katin aikina ni ne mai ƙaryar kenan. Yaron ban riƙe shi a zuciya ba, abinda aka koya masa ya faɗa. Wanda na yi ta tunani shi ne wanda ya zauna cikin sanyin esi ya rubuta abun, bai taɓa kawowa a ransa akwai Mu'azu da Sa'adatu da Rabi'u da Ya'u a ƙasar nan ba. Yanzu ke ce zaki zauna a wannan kujerar.

Nawa ma da sauƙi, kuɗi ne kuma sun dawo. A wani kwas da aka tura mu ne na fara jin labarin Therac-25, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi don aikin ya yi kusa da irin nawa. Na'urar gashin cutar daji ce, wani kamfanin gwamnatin Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 aƙalla sau shida ta zuba wa marasa lafiya haske ninkin ba ninkin abinda likita ya rubuta, wasu suka mutu. Wadda ta gabace ta tana da kariya ta ƙarfe da waya, in lissafi ya kauce sai fis ya ƙone na'ura ta tsaya, a sabuwar sai suka cire wannan suka ce manhaja ta wadatar. A garin Tyler na jihar Texas a 1986, ma'aikaciyar da ke kan na'urar hannunta ya saba, tana da sauri, ta danna harafin da ba shi ba sai ta koma ta gyara nan take, cikin abinda bai kai sakan takwas ba, ita kuma na'urar bata gama juya kanta daga umarnin farko ba. Sikirin ya nuna gyaran ya shiga, a can ciki kuma bai shiga ba. Abinda ta rubuto kawai shi ne matsala lamba 54, babu bayani, har ma tana nuna wai hasken da aka bayar bai kai ba, sai matar ta sake dannawa. Mutumin yana ciki yana jin kamar an zuba masa wuta a baya, ranar kuma na'urar magana tsakanin ɗakin da waje ta lalace, sai da ya sauko daga gadon ya je yana dukan ƙofa.

Da aka kai wa kamfanin koke cewa ya yi ba zai yiwu na'urarsu ta wuce kima ba. Mutum da ƙuna a jikinsa, ana ce masa ba zai yiwu ba. Sai da aka sake yi wa wani a wannan asibitin na Tyler bayan 'yan makonni, sannan masanin kimiyyar asibitin ya zauna da ma'aikaciyar suka yi ta maimaita dannawar da saurinta har matsalar ta fito fili. Kinga ƙwarewarta ce ma ta tono kuskuren, don masu gwajin basu taɓa dannawa da saurin wanda kullum aikinsa kenan ba.

Ingila ma da muke ganin sun ci gaba, gidan wayarsu ya kawo manhajar lissafi mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu a 1999, ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko kwabo ba. Daga nan zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa sama da 900, an ɗaure wasu har da mace mai juna biyu, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da basu ci ba. Kuma da yawa in sun kira sun yi ƙorafi sai a ce musu kai kaɗai ne ke samun wannan matsalar. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi doka ta wanke su. Shekara nawa kenan mutum yana yawo da sunan ɓarawo a garinsu.

Don haka duk ranar da wata nas ta kira ta ce abun nan naku ya canza min adadin magani, dan Allah Mamana kar bakinki ya fara da ba zai yiwu ba. Ki ce mata nuna min yadda kika yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In da hali ma ki roƙi oganku ya barki ki je asibitin da kanki ki wuni, ba ziyarar da ake shiga ofishin shugaba a sha lemo a fito ba. Ki zauna a ɗakin kati ranar Litinin da safe lokacin da layi ya kai bakin get, ki ga mai yankan kati yana tambayar tsohuwa ranar haihuwa tana ce masa shekarar da aka yi fari, ki ga yadda rabin tsofaffin gari suka koma haifaffun 1 ga Janairu don fam ɗin baya wucewa sai an cike gurbin. Ki ƙirga Muhammad Sani nawa ne a rajista ɗaya, kuma kowanne an rubuta Muhammad ɗinsa kala uku, in manhajarku ta haɗe biyu ta mai da su mutum ɗaya toh wani zai sha maganin wani. Ki ga matar da ta sha lalle ko manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsa suna ta dangwalawa na'ura na ƙi. Ki tsaya har a ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta magani, kafin a tada janareta ki duba abinda aka rubuta yana nan ko ya tafi, in kuma netwok ya ɗauke yini guda asibitin zai tsaya ne ko akwai hanyar ci gaba. Na ga ranar da muka koma takarda da biro saboda wannan, marasa lafiya kwance a baranda. Wallahi ba lakcar da zata baki abinda wunin nan zai baki.

Ki kula da ma'auni kuma. A 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars saboda ɓangare ɗaya na lissafi da ma'aunin Amurka ɗayan kuma da na mita da kilo, kamar mai sayarwa na awo da mudu mai saye na ƙirga tiya. Su kumbo suka rasa. A wurinku miligiram ne da mililita, da nauyin jariri, ɗigo ɗaya in ya matsa gaba an ninka magani sau goma.

Nasan za a matsa miki. Za a ce kwangila ce, ranar miƙawa ta zo, a tura haka a gyara daga baya, ke kuma sabuwa ce ga kunya, kin gado ta wurin Ummanku. Toh kunya da girmama na gaba daban, yin shiru a kan abinda kika gani daban. In kin san akwai inda ba a gwada ba ki faɗa da ladabi, kuma ki rubuta a saƙo ya zama akwai shaida. In ke kika yi kuskuren ki riga kowa faɗa. Na taɓa sa alamar dama a hoton ƙafar hagu, ina gane wa na bi likitan da gudu har ƙofar tiyata, na sha faɗa ranar kamar ba gobe amma dai ƙafar da ta karye ita aka ɗaure. Da na tsaya kare mutuncina fa?

Wannan ƙirƙirarriyar basirar da kika nuna min tana rubuto miki kod cikin ƙiftawar ido, ban ce kar ki yi amfani da ita ba, nima na ga abun mamaki. Amma abinda baki karanta kin gane ba kar ki sa sunanki a kai, ranar da ya ɓaci ba ita za a kira ba.

Sai sirrin mutane. Zaki ga sakamakon gwajin da miji bai faɗa wa matarsa ba, zaki iya cin karo da sunan wanda kika sani, maƙwabci ko ɗan uwa. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, nasan za a karanta muku ita, amma tun kafin ita mu an koya mana abinda ka gani a ɗakin hoto a nan yake kwana. Kar ki kwafo bayanan marasa lafiya na gaske a laftof ɗinki wai zaki yi gwaji a gida, kar ki buɗe fayil ɗin da aiki bai kai ki ba, ko ni na tambaye ki na wani ki ce min Abba ba dama.

Yatsana ya gaji. Ummanku ta ba direban da zai taso ranar Alhamis kuka da daddawa da yajinki, ta ce ki kira shi da wuri kar ya wuce da su tasha. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki daina kwana gaban sikirin, kuma azkar ɗin safe da yamma kar aiki ya cinye su. In sun baki kwamfutar aikin kin shiga manhajar, ki buɗe katin gwaji ki rubuta Mu'azu da waƙafinsa, sannan ki rubuta Ɗanladi da Ɓaidu da ƙugiyarsu, ki kira ni ki faɗa min abinda ta yi.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Abbanki