Garin kobal da antimoni: wuyar aikin tana bayan an sauke tukunya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta ɗan rahoton da kuka buga a shafin kimiyya kan sinadarin da ke mayar da zafi lantarki, na kuma ji daɗi, don ba kasafai ake kawo irin wannan batu da Hausa ba. Sai dai an rubuta shi kamar an gama komai, saura kawai a ɗaura a jikin salansar mota. Ni da na shekara biyu ina dafa garin wannan sinadari, wato haɗin ƙarafan kobal da antimoni, a ɗakin gwaji lokacin digirina na biyu, ku ba ni dama in ɗan taka birki.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya lura cewa idan aka haɗa ƙarfe biyu mabambanta, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka bar ɗayar da sanyi, allurar kamfas da ke kusa tana karkata. Lantarki ne ke gudana. Abin da ake nema tun lokacin shi ne sinadarin da zai buɗe wa lantarki hanya ya tare wa zafi, su biyun kuwa yawanci tafiyarsu ɗaya.

Haɗin kobal da antimoni, CoSb3, yana cikin dangin da ake kira sukuterudayit, sunan da ya samo daga wani wurin haƙar ma'adinai a Norway. Wajen lantarki ba shi da laifi. Aibinsa zafi na ratsa shi da sauƙi. Amma gininsa na da wani sirri: kowane ɗaki na ƙwayoyin zarra 32 yana da gurbi biyu da babu kowa. Idan aka cusa zarrar wasu ƙarafa, kamar bariyam ko lantanam ko itabiyam, a ciki, sai su riƙa kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani, su hana zafi wucewa salin-alin. Da haka ne a 2011 aka kai ma'aunin nagarta, wato ZT, zuwa 1.7 a zafin Kelbin 850, wato wajen digiri 577 a ma'aunin Salsiyas. Dabara ta biyu, wadda rahotonku ya yaba, ita ce a ƙanƙanta ƙwayoyin garin zuwa 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), iyakoki su yi yawa, zafi ya yi ta tuntuɓe.

Ga yadda muke yi. Maimakon a narkar da ƙarafan a zafin da ya haura digiri 1000 sannan a bar su kwanaki a tanderu, sai mu narkar da gishirin kobal da na antimoni a cikin etanol, mu zuba wani sinadari mai suna sodiyam borohaidirayid, mu rufe a tukunyar ƙarfe mai rufin Teflon a ciki, mu bari a wajen digiri 240 kwana ɗaya zuwa uku. Sai ga baƙin gari mai laushi. A takarda kamar wasa.

Dafawata ta farko har murna na yi. Da aka haska garin da eksre, sai ga CoSb2, wani haɗin kobal da antimoni na daban, da tsuran antimoni sun yi kane-kane a ciki, abin da nake nema kuwa ɗan kaɗan. Shi gishirin antimoni da ya shaƙi laima sai ya koma farin gari marar amfani. Na yi asarar kwalba guda saboda sakacin murfi, malamina bai ce uffan ba, kallon da ya yi mini ya wadatar. Garin kansa, saboda ƙanƙanta, iska na taɓa shi yake fara tsatsa, tsatsar kuma ta toshe wa lantarki hanya.

Babbar matsalar ma tana gaba. Gari ba ya ba da wuta sai an matse shi da zafi ya zama dunƙule. A wajen matsewar ne ƙwayoyin da ka sha wahalar ƙanƙantawa suke haɗewa su girma, antimoni kuma ya riƙa tashi kamar tururi. Su kuma bariyam da itabiyam mayun iskar oksijin ne, da ƙyar suke shiga gurbi ta hanyar jiƙo irin tamu. Shi ya sa wancan 1.7 ɗin ma daga tsohuwar hanyar narkarwa ya fito, ba daga tukunya irin tamu ba.

Ban ce aikin banza ba ne. Hukumar NASA ta Amurka ta daɗe tana gwada wannan dangi don janaretocin na'urorinta na sararin samaniya. Amma a lura: na'urar Curiosity da ta sauka duniyar Mars a 2012 ta fara ne da samun wat 110 kawai daga zafin da ya kai wat 2000, kuma da wani sinadarin daban.

Roƙona, idan wakilinku ya sake cin karo da irin wannan labari, ya tambaya ko a dunƙule aka auna ZT ɗin, a wane zafi, kuma bayan awa nawa yana gasuwa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin kimiyyar sinadarai