Tsohuwar Alƙahira Ta Cancanci Shafi Guda

Ranka ya daɗe Edita,

Duk lokacin da jaridarku ta taɓo Masar, dalar Giza kawai muke gani. Ina roƙon a leƙa tsohuwar Alƙahira, birnin da sarakunan daular Musulunci ta Fatimiyyawa suka kafa a shekarar 969, suka fara ginin masallacin Azhar a 970. Har yau ƙofofin ganuwarsa na dutse suna nan tsaye: Babul Futuh da Babun Nasr na 1087, sai Babu Zuwaila na 1092.

Na yi karatu a can. Bayan la'asar mukan bi Titin Mu'izz a ƙafa, masallaci na bin makaranta, makaranta na bin hubbare, maƙeran tagulla na ta ƙwanƙwasa faranti a bakin shagunansu. A kasuwar Khan Khalili kuwa, in ba ka iya ciniki ba, sai ka sayi carbi da kuɗin darduma. Ni ma sau biyu aka yi mini.

Mu ma muna da hannu a tarihin wurin, domin Azhar ta daɗe da ware wa ɗaliban Borno masauki nasu. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979. Don Allah a tura wakilinku ya zagaya.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya